Jan ambulan, shuɗin ambulan da littafin Kawu

Aikina na farko a duniya shi ne bin kaset. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shagon hayar kaset a Agege, can wajen layin dogo, kuma tun ina aji ɗaya a sakandare, wajen 1993, in na dawo daga makaranta na ci abinci zai miƙo mini 'yar takarda mai sunaye huɗu ko biyar, ya ce, "Maza je ka karɓo mini kayana." Naira 20 yake ba da kaset kwana ɗaya. Bayarwar ba wuya: mutum ya nuna hoton da ke jikin kwali, Kawu ya rubuta sunansa a wani babban littafi mai baƙin bango, shi ke nan. Dawowar ce yaƙi.

Zan yi sallama a gidan haya mai ɗaki goma sha shida, ƙofa na kallon ƙofa. Matar da aka rubuta sunan mijinta ta ce ai Maman Iliya ta ara. Maman Iliya ta ce tun jiya yaron mai shayi ya karɓa zai kai wa ubangidansa. In je wurin mai shayi, ya ce an ɗauke wuta kaset na cikin bidiyo, sai an kawo wuta zai fito, in kuwa sauri nake yi in nemo sukundireba. Wani lokacin in dawo da kaset zarensa ya cukurkuɗe kamar taliya, Kawu ya zauna da reza da salatif yana ɗori yana sababi. Shekara shida na yi a haka. Shi ya sa har gobe in aka ce mini ga wata sana'ar haya, ta keke ce ko ta kujerun biki, tambayata ta farko ita ce: ta yaya kayan ke komawa hannun mai shi? Da wannan mudun zan auna kamfanonin hayar fim ta gidan waya da na yi hulɗa da su a ƙasar waje.

Abin da ya tayar da zancen kuwa, Sadiq ne, ɗan ƙanwata da ke taya ni zama a shagona na batura da kayan wutar sola a kasuwar Alaba. Ya ɗauko wani tsohon littafina yana neman lambar wani dila, sai wata jar takarda ta faɗo. Ya juya ta ya ce, "Kawu, dama Netflix suna da takarda?" Shi a saninsa Netflix abu ne da ke cikin waya yana shan data kamar rijiya. Na ce masa marfin ambulan ne, kuma shekara takwas na yi ina yage irinsa. Na je Amurka a 2003 da bizar caca, na sauka a garin Columbus na jihar Ohayo, na yi aikin dare a wani rumbun kaya, daga baya na ja tasi, na dawo Legas a 2012. Wanda bai taɓa yin hunturu shi kaɗai a ɗaki ba, ba zai gane abin da ya sa ƙato da gemunsa zai riƙa leƙa akwatin wasiƙa sau biyu a rana ba.

Tsarin duk iri ɗaya ne. Kana biyan kuɗi sau ɗaya a wata ta katin banki. Ka shiga shafinsu na intanet ka jera fina-finan da kake so, na ɗaya, na biyu, har ɗari in ka ga dama. Su aiko maka da faifan DVD ta gidan waya gwargwadon tsarin da ka zaɓa, kuma wanda aka fi yi shi ne na uku-uku, wato faifai uku a hannunka lokaci guda. Ka kalla yau, ko ka ajiye wata biyu a kan firij, ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, ba tarar makara. Sai dai na huɗu ba zai zo ba sai ɗaya ya koma. Ranar da na gane wannan na yi dariya ni kaɗai. Yaron da Kawu ke aikawa, wato ni, sun sallame shi sun ɗauki kwaɗayin mai kallo aiki. Kai da kanka za ka yi gaggawar mayarwa don na gaba ya zo. In kuma ka yi kasala, kuɗin watanka na shiga aljihunsu ba tare da sun sayi kan sarki ko ɗaya ba.

Da Walmart na fara, a 2004, don kawai na saba da shagonsu kuma na ga farashinsu ya ɗan sauka. Ba ni da dogon zance a kansu, don su ma ba su yi dogon zama ba. Sun shiga harkar sosai a 2003, a watan Mayun 2005 suka tattara suka miƙa masu hulɗa da su ga Netflix, da sharaɗin za a ci gaba da karɓar tsohon farashi har shekara guda. Katafaren kantin da ya fi kowa girma a Amurka ya gwada ya ga wannan sana'a ba tasa ba ce. Ni dai haka na tsinci kaina a gidan jan ambulan ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Reed Hastings da Marc Randolph ne suka kafa Netflix a Kalifoniya a 1997. Kafin su zuba kuɗi sai da suka sa faifan CD a ambulan suka aika gidan Hastings don su ga ko zai isa bai fashe ba, ya kuwa isa lafiya. A 1998 suka buɗe shafi, a 1999 suka kawo biyan wata. Akwai labarin da aka daɗe ana yayatawa cewa tarar dala 40 da aka ci Hastings saboda ya makara da kaset ita ta haifi kamfanin, amma shi Randolph daga baya ya ce labari ne da aka ga ya yi daɗin faɗa. Ko gaskiya ne ko ado, sun san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Kuma da kaset ɗin Kawu suka tarar a kasuwa, da maganar ba ta tashi ba, don kaset ya yi nauyi da kauri. Faifai kuwa bai fi wasiƙa ba.

Ambulan ɗin kansa abin a tsaya a duba ne, don a wurina rabin cinikin a jikinsa yake. Ja ne jawur, kana hango shi tun daga nesa a cikin tarin takardun talla da na kuɗin wuta. Ka yage marfin da ke ɗauke da sunanka, irin wanda Sadiq ya tsinta, sai ga sauran ya zama ambulan na mayarwa, da adireshinsu a buge, an riga an biya kuɗin aikawa. Faifan na cikin wata farar riga mai taƙaitaccen bayanin fim ɗin da lambar da na'urarsu ke karantawa ta wata 'yar taga. In ka gama sai ka mayar, ka ɓare takardar da ke rufe da gam, ka liƙe, ka jefa a kowane akwatin gidan waya da ka wuce. Ni a ƙofar direba nake soke su, in na sauke fasinja kusa da shuɗin akwati in sauke gilashi in jefa. In na jefa Litinin, Talata saƙo ya shigo cewa sun karɓa kuma sun aiko na gaba, Laraba ga shi a akwati. Sirrin saurin shi ne ba wuri ɗaya faifan ke komawa ba. Sun baza rumbuna sama da 50 a faɗin ƙasar, yawancin mutane kwana ɗaya ne tsakaninsu da rumbu.

Inda suka fi kowa a ganina shi ne yawan kaya. Wajen 2008 sun wuce fim 100,000. Shagon Kawu da muke ganin ya cika ya batse bai kai kaset 600 ba. A nan na samo tsofaffin fina-finan Indiya da na sha ɗauka a leda ina zaga Agege da su ban taɓa kallon ɗaya daga farko har ƙarshe ba, ga fassarar Turanci a ƙasa. Sai a lokacin na san abin da jaruman ke faɗa. Ashe fassarar da manyan yayyenmu ke yi mana a bakin shago, mu buɗe baki muna saurare, kashi tara cikin goma daga kansu suke ƙirƙiro ta. Akwai wani Ɗanlami da na so a ce yana kusa a ranar.

Fim ɗin Hausa kuwa hanyarsa daban. Sai in wani zai taso daga gida, a haɗo mini faifan bisidi guda biyar ko shida a cusa tsakanin kilishi da yaji. Haka su ma kaset ɗin Kano ke iso wa Kawu a da, a hannun direban motar gwari mai zuwa Mile 12 ko na motar shanu mai sauke kaya a Oko-Oba. Gidan wayarmu na gaskiya ke nan, tasha da direba da "don Allah ka ba wa wane".

Amma kada a ɗauka jan ambulan waliyyi ne. Sun yi talla da cewa haya ba iyaka, sai a 2004 wani mai hulɗa da su a Kalifoniya ya maka su a kotu cewa ana jan ƙafa ga masu yawan karɓa. A farkon 2005 suka gyara ƙa'idojinsu suka rubuta ƙarara cewa wanda ya fi ƙarancin haya shi ake fara sallama, daga baya aka sasanta ƙarar. Na zauna na yi lissafin da kaina. A 2006 kan sarki santi 39 ne, zuwa da dawowa kusan santi 78. Mutumin da ya juya faifai 20 a wata ya ci musu fiye da dala 15 a aikawa kaɗai, alhali dala 17.99 yake biya. Wane ɗan kasuwa ne zai so irin wannan? Kawu ma haka yake yi, sai dai shi bai ɓoye ba. Sabon kaset in ya zo a ƙarƙashin benci yake kwana, yana jiran wata Hajiya da ke biya a kan lokaci kuma ba ta ba da aro. In wani ya tambaya ya ce, "An fita da shi." Su kuma sai ka ga an rubuta "dogon jira" a gaban sabon fim. Harshe ne kawai ya bambanta.

Blockbuster su ne sarakunan hayar fim kafin a san jan ambulan. A 2004 suna da shago sama da 9,000, ko'ina ka juya sai ka ga allonsu shuɗi da rawaya. Su tsarinsu na dawo da kaya bulala ce: a shekarar 2000 kaɗai tarar makara ta kawo musu kusan dala miliyan 800. A wannan shekarar ce aka yi musu tayin sayen Netflix a kan dala miliyan 50 suka ƙi. Sai a watan Agustan 2004 suka farka suka buɗe nasu na gidan waya a kan dala 19.99, lokacin da Netflix ke karɓar 21.99. Nan fa aka shiga rige-rigen sauke farashi. Netflix suka sauko 17.99, Blockbuster suka ce 17.49, kafin shekara ta fita suka sake zubarwa zuwa 14.99. Dala tana wajen naira 130 a lokacin, kuma ban daina juya komai zuwa naira a kaina ba, don haka bambancin dala uku ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

A watan Janairun 2005 suka shelanta cewa sun soke tarar makara a shagunansu. Sai dai an sayar da kare ne an sayi biri. In ka wuce ranar mayarwa da mako guda, sai a ɗauka ka saya, a cire kuɗin faifan gaba ɗaya daga katinka. In ka dawo da shi cikin kwana 30 a mayar maka, amma a riƙe dala 1.25. Manyan lauyoyin gwamnatin jihohi 47 suka taso musu, cikin watanni aka sasanta suka yarda za su bayyana sharaɗin a fili. Mutumin da ya saba da bulala, ko ya ce ya ajiye, duba bayan rigarsa.

Duk da haka, in aka ce in faɗi ciniki mafi daɗi da na taɓa yi a harkar nan, na Blockbuster ne, tsarin da suka kira Total Access, wanda suka fito da shi a Nuwamban 2006. Faifai ya zo maka ta gidan waya a shuɗin ambulan. In ka gama, kana da zaɓi: ka jefa a akwati, ko ka shiga da shi kowane shagonsu ka miƙa, ka ɗauki wani fim daga kanta kyauta nan take, kuma da zarar sun karanta lambar ambulan ɗin, na gaba a jerinka ya kamo hanya. Faifai ɗaya ya haifi biyu. Akwai shagonsu a kan hanyata ta dawowa daga masallacin Juma'a. In tsaya da jallabiyata da ƙaton kwat a sama, in karkaɗe ƙanƙara daga takalmi, in ajiye ambulan uku a kan kanta, in fita da kwali uku. Abokin zamana, Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, har cewa yake, "Kai, waɗannan mutane anya suna lissafi kuwa?" Ba sa yi. Kowace musanya asara ce a gare su, ga bashi ya yi musu katutu. A tsakiyar 2007 aka canza shugaban kamfanin, sabon ya ƙara farashi ya taƙaita musanyar, daɗin ya ragu.

Na riƙe duka biyun kusan shekara guda, don haka zan iya faɗin bambancin ba da jin-ta-jin-ta ba. Mai gajen haƙuri, wanda ranar Juma'a da daddare ne sha'awar kallo ke taso masa kuma akwai shago kusa da shi, shuɗin ambulan ya fi masa. Haka mai son sabon fim da zafinsa, musamman daga 2010 da Netflix suka yarda su riƙa jiran kwana 28 kafin su ba da hayar sabbin fina-finan wasu manyan kamfanoni, Blockbuster kuwa suna samu ranar fitowa. Wanda ke haƙar tsofaffi da na ƙasashe daban-daban, kuma yana son shafin da ba ya wahalar da shi, ja ya fi masa. Shafin Netflix har cankar abin da za ka so yake yi daga taurarin da kake ba fina-finan da ka kalla, kuma sun ɗauki abin da muhimmanci har suka sa gasar dala miliyan 1 a 2006 ga wanda zai inganta cankar. Kawu kyauta yake yin wannan. Yana ganin fuskarka a bakin ƙofa ya san na faɗa kake nema ko na kuka.

Sau ɗaya na shiga tsaka mai wuya da ɗaya daga cikinsu, ba sai na ce wanne ba. Na rantse na jefa faifai a akwati, mako ya wuce ba su ce sun karɓa ba. Na kwana ina tunanin za a ce na sata, a ɓata mini suna a ƙasar da suna ke bin mutum har wurin neman haya. Na shiga shafin hannuna na rawa, na danna inda aka ce faifai ya ɓata a hanya. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ce in rantse. Washegari suka aiko na gaba. Bayan wata biyu ina wanke tasi na ɗaga kujera, sai ga ambulan ɗin ya maƙale a ƙasa, ya sha gishirin hanya. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a gareji. Na goge shi na jefa. Na tuna ranar da na dawo wa Kawu hannu biyu na ce mai kaset ya yi tafiya Sakkwato, ya sa ni na koma na zauna a ƙofar gidan har magariba ko ƙarya aka yi mini. Su sun yi lissafi sun ga asarar faifai ɗaya ta fi sauƙi a kan rigima da mai biyan wata, ga katinka a hannunsu in ka mayar da abin sana'a.

LoveFilm na Ingila a gidan Yaya Hadiza na gan shi, da na kai mata ziyara Manchester a 2009. Ambulan ɗin ta ramin ƙofa yake faɗowa a kan tabarmar shiga. Bambancin da na lura da shi, su ba a jera musu ɗaya-biyu-uku. Kashi uku ake yi, wanda ake so sosai, matsakaici, da wanda ba a matsu ba, su kuma su zaɓo daga ciki. Yaya ta ce ita haka ya fi mata, kamar tsaraba, ba ka san me ke cikin ƙulli ba. Ni bai yi mini ba. In na biya kuɗina ina so in san abin da ke tafe. Yaranta kuma sun fi murna da shi don ana haɗawa da faifan wasan kwamfuta. Amazon suka saye kamfanin a 2011, suka rufe sashen gidan wayar a ƙarshen Oktoban 2017. A wannan tafiyar ce na kai wa yaran faifan da na saya a Amurka na'urarsu ta ƙi karɓa, don an raba duniya shiyya-shiyya: Amurka ta 1, Turai ta 2, Najeriya ta 5. Na ce da na sani da na taho da 'yar Alaba, wadda ba ruwanta da shiyya, ko murfin tukunya ka sa mata sai ta gwada.

Redbox ba na gidan waya ba ne, amma sun ci kasuwar duka biyun. Jan akwati ne kamar na'urar cirar kuɗi a ƙofar kanti, dala ɗaya kwana ɗaya, in ka riƙe kwana 25 ya zama naka an cire dala 25. Tsarin Kawu ne sak, an cire Kawu. Su ma a 2024 aka rufe su.

Blockbuster sun kai kansu kotun fatara a Satumban 2010, kamfanin Dish ya saye su a 2011 a kan kusan dala miliyan 320, a ƙarshen 2013 aka sanar da rufe sauran shagunan kamfanin da hayar gidan wayar baki ɗaya. Shago ɗaya ya rage da sunan, a garin Bend na jihar Oregon, mutane na zuwa ɗaukar hoto. Netflix ma sun yi tuntuɓe ina can. Tun 2007 suka fara nuna fim kai tsaye ta intanet a matsayin gyara a kan faifai. A Yulin 2011 suka raba biyun, abin da ake biya dala 9.99 a haɗe ya koma 7.99 kowanne, sannan a Satumba suka ce sashen faifai zai koma wani kamfani mai suna Qwikster. Mutane suka yi ca, cikin wata guda suka janye sunan, amma sun rasa masu biya 800,000 a wata ukun nan. Ni faifan na zaɓa na bar intanet, don abin da nake nema a faifai yake.

Da na dawo, wani aminina, Alhaji Sabo, da ya ji wannan labarin a wurin cin tuwo a Idi-Araba, ya ce mu yi irinsa a Legas, 'yan acaɓa su zama gidan wayarmu. Har mun sayi littafi mun fara lissafi. Tun a shafin farko muka tsaya. Adireshin yawancin mutanenmu shi ne "bayan masallaci, gida mai koren get, ka tambayi mai wankin hula". Masu karɓar wasiƙa kuma akwati suke haya a gidan waya su je da makulli, ba a ƙofa ake ajiye musu ba. Wa zai yarda a riƙa cire masa kuɗi daga kati kowane wata a lokacin? Sannan babbar magana: a cikin gosulo yaro zai miƙo maka faifai ɗaya mai fim takwas ta taga, a kuɗin da bai kai na acaɓa daga Mushin zuwa Yaba ba, kuma naka ne har abada. Wa zai yi hayar abin da sayensa ya fi araha? Ba a jima ba ma masu tura fim a waya suka cika Agege da Alaba Rago, ka miƙa mimori a loda maka, babu abin da zai koma balle a bi shi. iROKOtv, masu nuna fina-finan Najeriya ta intanet, sun fara tun 2011, Arewa24 ta zo a 2014, Netflix kuma ta iso Najeriya a Janairun 2016 cikin ƙasashe 130 da aka buɗe wa rana ɗaya, ta intanet, ba ta taɓa aiko mana da ambulan ko ɗaya ba. Littafin da muka saya da Alhaji Sabo shi ne wanda Sadiq ya ɗauko.

Ranar 29 ga Satumban 2023 Netflix suka aika jan ambulan na ƙarshe, bayan shekara 25 da faifai fiye da biliyan 5. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sanarwar da suka yi kafin ranar: duk faifan da ya rage a hannun mutum ya riƙe, ba za a caje shi ba.

Lahadin da ta biyo bayan tambayar Sadiq na ɗauke shi muka tafi Agege gaida Kawu, awa biyu da rabi daga Ojo. Shagon yana nan, yanzu jikansa ke cirar kuɗi da sayar da katin waya a ciki, shi kuma yana kan tabarma a gefe da rediyonsa da carbi. Na ba shi labarin tun daga farko, yana gyaɗa kai. Batun biyan wata ya burge shi, ya ce wannan mai wayo ne. Da na zo kan cewa sun bar wa mutane faifan, sai ya ajiye carbin.

"Suka ce a riƙe?"

"Suka ce a riƙe, Kawu."

"Duka?"

"Duk wanda ke hannu."

Ya yi shiru, sannan ya ƙwala wa jikan kira ya ce ya duba ƙarƙashin kanta, bayan galan, ya miƙo masa littafin nan. Bangon ya cinye, an ɗaure shi da robar taya. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya tsaya a wani shafi, ya matso da shi kusa da ido, ya juyo mini da shi. Rubutuna ne, na ɗan sakandare, da jan biro: kaset biyu, Maris 1997, ba a soke layin ba.

"Mutumin nan yana nan da ransa," in ji Kawu. "Jiya ma a sahu ɗaya muka yi la'asar. Tunda ka zo da mota, ku biya ta gidansa."